Motar da Aka Saya da Kuɗin Ƙanwata: Yadda Muka Bi Bashin Bayan Sun Rabu

Ranar da ƙanwata ta same ni da maganar, wata biyu ke nan da rabuwarta da saurayinta. Rabuwar kam ta riga ta haɗiye ta. Abin da ya hana ta barci shi ne motar da take gani a hotunan da yake sakawa a Facebook, alhali duk ƙarshen wata ana yankar albashinta a kan rancen da ta ci domin sayen wannan motar. Ta miƙo mini takarda mai shafi uku, ta ce, "Yaya, ga abin da nake bin sa. Ko ƙwandala ba zan bar masa ba."

Da izininta nake rubuta wannan, kuma ba zan kama sunan kowa ba.

Shekara uku suka yi tare, maganar aure har ta yi nisa. Ita ma'aikaciya ce mai albashi, shi kuwa aikinsa ya tsaya suna cikin shekara ta biyu. Shi ya kawo shawarar a sayi mota ya riƙa haya da ita kafin wani aikin ya samu. Ta kwashe ɗan abin da ta tara, ta ƙara da rance daga wurin aiki, ta tura masa ta banki sau uku cikin mako biyar. Jimillar kuɗin ta yi daidai da albashinta na wata 11. Da sunansa aka yi takardun motar tunda shi zai tuƙa. Ba a yi rubutu ba, ba a kira shaida ba. Wata 14 bayan haka suka rabu.

Takardar da ta kawo mini tana ɗauke da abubuwa 74. Akwai kuɗin motar, akwai kwamfutarta da ya karɓa zai nemi aiki da ita, akwai kuɗin hayar ɗaki da ta cika masa sau biyu, da agogo, da takalmi, da katin waya, har da kuɗin asibitin mahaifiyarsa. Da ta haɗa duka sai ya tashi kusan albashin wata 16.

Shawarar farko da na ba ta muguwar shawara ce, kuma har yau ina jin nauyinta. Tana da makullin motar na biyu. Na ce mu je mu ɗauko abinmu, in ya so shi ya biyo mu. Allah ya sa kafin mu motsa na kira wata lauya da muka yi makaranta tare. Ba ta bari na gama bayani ba ta tare ni: "Sunan wa ke kan takardun?" Na faɗa mata. Ta ce to duk wanda ya taɓa motar nan ba da izininsa ba, shi zai amsa tuhumar sata, kuma daga ranar maganar bashi ta koma baya. Haka ta rufe mana ƙofar zuwa wurin 'yan sanda. Ƙin biyan bashi rikici ne tsakanin mutum da mutum, kotu ke raba shi. Kafin ya zama zamba sai an nuna cewa tun ranar da ya karɓi kuɗin da niyyar yaudara ya karɓa, shi kuwa wannan ya sayi motar da ya ce zai saya, ya kuma yi haya da ita. Ta ja mana kunne a kan abu biyu kuma: kada a tona masa asiri a intanet, domin zai iya juyowa da ƙarar ɓata suna, kuma kada ƙanwata ta shiga imel ɗinsa ko asusunsa da lambobin sirrin da ta sani tun suna tare, ko da hujja take nema.

Da muka zauna da ita, sai ta ɗauki takardar nan mai shafi uku ta ce za mu bi ta layi-layi, kuma tambaya ɗaya ce a kan kowane layi: ranar da kika ba shi wannan, me ku biyun kuka fahimta? Abin da zuciya ke ji yau ba ya cikin lissafi.

A nan na ga cewa harshenmu ma ya riga ya yi rabin aikin. Aro daban, rance daban, kyauta daban. Abin aro shi kansa ake mayarwa, domin bai taɓa fita daga mallakar mai shi ba. Rance kuwa an kashe shi, madadinsa ake biya. Kyauta in ta shiga hannun wanda aka ba, ta zama tasa. Kwamfutar ta faɗa cikin aro ba gardama, rasit da sunanta yake. Agogo da takalmi da katin waya suka tafi kyauta. Kuɗin haya ma haka, domin da bakinta ta ce lokacin da ta biya ba ta sa ran zai dawo ba, shi ma bai ce zai mayar ba.

Da aka zo kan kuɗin asibiti sai ta yi shiru, sai hawaye. Ta kwana uku a asibitin nan tana jinyar matar da take ɗauka surukarta ce. Ta ce, "Yaya, ai don na ɗauka gidansu zan shiga na yi." Gaskiya ta faɗa, kuma wannan ita ce gaɓar da ta fi wuya a duk irin wannan rikici. Kusan duk alherin da masoya ke yi wa juna, da tunanin gobe ake yin sa. In goben ta rushe, sai mutum ya ji kamar kowane abu da ya bayar an karɓe shi ne da ƙarya. Amma fata a zuci ba sharaɗi ba ne sai an furta shi an amince. Dokoki ma sun sha bamban ko a kan abin da aka bayar ƙarara don aure: a Ingila dokar 1970 ta ɗauki zoben alkawarin aure a matsayin kyauta tsantsa sai in an nuna an gindaya sharaɗin mayarwa, a jihohi da dama na Amurka kuwa kotuna na ɗaukarsa kyauta mai sharaɗi da ke komawa in auren bai yiwu ba. In zobe ma ana jayayya a kansa, ina ga kuɗin magani? Na kuma tuna mata hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya kamanta mai karɓe kyautarsa da kare mai komawa ga amansa. Ba don in ƙara mata ciwo na faɗa ba. Na san ta, na san ba za ta so ladan jinyar nan ya koma abin ciniki ba. Ta karɓi biro ta soke layin da hannunta.

Cikin abubuwa 74, biyu suka rage: kwamfuta da kuɗin mota.

Kuɗin motar shi ne babba, shi ne kuma mai sarƙaƙiya, domin fuska uku gare shi. Ita ta ce rance ne. Shi zai iya cewa kyauta ce. Zai kuma iya cewa jari ta zuba suka yi kasuwanci tare, kasuwa kuwa ba ta yi kyau ba, wanda ya zuba jari kuma da shi ake raba asara. Takardar banki tana nuna kuɗi sun fita daga nan sun shiga can, amma ba ta faɗin dalili. A turawa ta farko ƙanwata ba ta rubuta komai a gurbin bayani ba. A ta biyu ta rubuta "na mota". A ta uku kalmar soyayya ta rubuta. Babu ɗaya da ke cewa bashi.

Nauyin kawo hujja kuma a kanta yake. Ƙa'idar da muka sani a fiƙihu, cewa hujja na kan mai da'awa, rantsuwa na kan wanda ya musa, rabinta na farko haka yake a kusan kowace kotu. Akwai ma wani ƙarin tudu da lauyar ta nuna mana. A 1919 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke hukunci a shari'ar Balfour, inda wani ma'aikacin gwamnati da ke aiki a tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau, ya yi wa matarsa alkawarin fam 30 duk wata lokacin da rashin lafiya ya tsayar da ita a Ingila. Da zama ya lalace ya daina biya, ta kai ƙara, kotu ta ce irin alkawarin da ma'aurata ke yi wa juna suna zaman lafiya ba a ɗaukarsa yarjejeniyar da shari'a za ta tilasta. Wannan tunani ya bi kotunan ƙasashe da yawa da suka gaji tsarin shari'ar Ingila, kuma ana jawo shi a rikicin 'yan uwa da na masoya. Ma'ana, kusancin da ya sa ba a yi rubutu ba, shi ne kuma zai sa alƙali ya yi shakkar cewa bashi aka ƙulla.

Sai muka koma neman abin da suka faɗa wa juna a lokacin. Nan muka ci karo da wata matsalar: a makon da suka rabu, cikin fushi, ta goge duk hirarsu ta WhatsApp. Abin da ya cece mu tsohuwar wayarta ce da ta ajiye a durowa tun da ya saya mata sabuwa. Muka yi mata caji, ta kawo wuta, hirar wancan lokacin tana nan. Dare biyu muka yi muna karantawa, kuma ba abu ne mai sauƙi gare ta ba, domin kafin ta kai ga layi ɗaya mai amfani sai ta ratsa ɗaruruwan saƙonnin da suka tuna mata abin da take ƙoƙarin mantawa. A dare na biyu muka samu. Kwana ɗaya kafin turawa ta farko ya rubuta mata: "Da zarar motar ta fara kawo kuɗi zan riƙa mayar miki duk wata har in gama." Mayarwa ya ce, har in gama ya ce. Mai karɓar kyauta ba ya faɗin haka, abokin kasuwanci kuwa riba zai ambata. Sannan a bayanan asusunta muka ga ya turo mata kuɗi sau biyu bayan motar ta fara aiki, ya rubuta "na farko" da "na biyu". Su biyun sun kai albashin wata ɗaya. Saura goma.

Akwai kuma abin da bai yi mana daɗi ba a cikin hirar. A wurare da dama ta kira ta "motarmu", wani wurin ma ta rubuta masa, "ai abina naka ne". Na ce a bar waɗannan a ɗauki hoton wancan saƙon kawai. Lauyar ta ƙi. Ta ce shi ma yana da hirar a wayarsa, kuma ranar da ya fito da abin da muka ɓoye, alƙali zai daina yarda da sauran abin da muka kawo. Aka adana hirar gaba ɗaya, aka kashe wayar aka ajiye ta, domin kotu na iya neman ganin wayar kanta.

Mataki na gaba shi ne wanda nake ganin ya juya lamarin. Saƙon ƙarshe da ta tura masa kafin nan zagi ne, shi ma da zagi ya amsa. Yanzu muka zauna kusan awa guda a kan layi huɗu. Ta yi masa sallama, ta ce tana magana ne a kan kuɗin motar da ta ranta masa, ta ambaci jimillar, ta ambaci biyan da ya yi sau biyu da abin da ya rage, sannan ta tambaye shi ta wace hanya biyan zai fi zo masa da sauƙi. Babu gori, babu barazana, babu maganar wanda ya ci amanar wani. Bayan kwana uku ya amso: "Ban manta ba. Abubuwa ne suka tsaya mini, ki ƙara haƙuri zuwa ƙarshen shekara."

Na tambayi kaina ko wannan tarko muka ɗana masa. Ban ga haka ba. Gaskiya aka faɗa masa, aka ba shi damar ya musa, bai musa ba. Da saƙon ya zo da zafi, da kare kansa zai yi, kuma kariyar da ta fi kusa da bakinsa ita ce "ai kyauta kika ba ni". Amsar tasa tana da wani amfanin ma. Bashi yana da wa'adin kai ƙara, in ya wuce kotu ba za ta saurara ba: shekara shida a Ingila, biyar a Faransa, uku a Jamus, kowace ƙasa da nata. A tsarin Ingila, amincewa da bashin a rubuce da sa hannu, ko biyan wani ɓangare nasa, yana sa a fara ƙirga wa'adin daga farko. Ita lokaci bai ƙure mata ba, amma na san waɗanda suka yi ta jiran "zan biya" ta baki har shekaru suka cinye haƙƙinsu.

Ƙarshen shekara magana ce marar rana, don haka muka nemi a zauna. Shi ya zo da kawunsa, dattijo mai natsuwa, ita kuma ta zo da ni. Kamar yadda aka zata, ya fara da cewa kasuwanci suka yi tare, gyaran mota ya cinye ribar. Da aka karanta masa saƙonsa sai ya sauya hanya, ya ce to shi ma a biya shi wayar da ya saya mata. Ƙanwata ta dubi dattijon ta ce, "Kawu, akwai abubuwa da yawa da na yi masa don Allah, shi ma akwai waɗanda ya yi mini. Ban zo a kan ko ɗaya ba. Abin da ya ce zai mayar kaɗai na zo nema." Dattijon ya juya wurin ɗan ƙanwarsa ya ce, "Ka ji abin da 'yata ta faɗa. In lissafin kyauta kake so a buɗe, a buɗe, amma ka tabbata za ka iya tashi da shi." Bai ƙara ta da maganar wayar ba. Da takarda mai abubuwa 74 muka je da ita, da a kan katin waya za mu wuni, kuɗin motar ya nutse a cikin hayaniya.

Shafi ɗaya aka rubuta. Ya amince ana bin sa kuɗin, an rubuta adadin da lamba da kuma kalmomi. Zai biya kashi goma, wata-wata, a rana kaza, cikin asusu kaza, ba hannu da hannu ba. In ya tsallake wata biyu a jere, duk abin da ya rage ya zama na biya nan take. Zai dawo da kwamfutar cikin kwana bakwai. Kowannensu ya yafe duk wata da'awa a kan ɗayan ban da wannan. Suka sa hannu, ni da kawun muka sa a matsayin shaidu, kowa ya tafi da kwafinsa. Irin wannan takarda ta bayan rabuwa ƙarfinta ya sha bamban da alkawarin lokacin soyayya. A 1970, a shari'ar Merritt, wani magidanci da ya bar matarsa ya rubuta mata takarda suna zaune cikin motarsa cewa in ta ƙarasa biyan bashin gidansu zai mallaka mata shi. Ta biya, ya noƙe, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta tilasta masa, bisa dalilin cewa mutanen da suka rabu ba sa ƙulla magana a kan yarda da juna, da nufin ta ɗaure su suke ƙulla ta. Ni kuwa ina riƙe da biron nan ina tuna cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, ba ta kuma ware masoya ba.

Kuskure ɗaya muka yi a zaman nan. Ba mu ɗaure bashin da motar ba. Da mun nemi a rubuta ta a matsayin jingina, ko a ajiye takardunta na asali a hannun kawun har a gama biya, da abin da ya biyo baya ya zo da sauƙi. Murnar ya sa hannu ta ɗauke mana hankali.

Kwamfutar ta dawo a rana ta shida. Kuɗi kuma suka shigo wata huɗu a jere, a na biyar shiru, a na shida shiru. Kawun ya yi iya ƙoƙarinsa har ya ce mana ya gaji. Lauyar ta aika masa takardar neman biya da wa'adin kwana 14, ya yi kunnen ƙashi. Sai ƙanwata ta shigar da ƙara a kotun ƙananan basussuka, irin wadda ƙasashe da yawa suka tanada domin mutum ya iya tsayawa da kansa ba sai da lauya ba. Abin da ta haɗa kaɗan ne: yarjejeniyar, bayanan banki, hirar, da takardar lauya. Tambayar ko rance ne ko kyauta ba ta ma taso ba, domin takardar da ya sa wa hannu ta rufe ta.

Saura kwana tara a zauna, sammaci ya riga ya isa hannunsa, sai ya kira kawun ya ce ya samu mai sayen motar. Zai ba da kashi huɗu cikin shidan da suka rage a dunƙule, in za ta yafe biyu ta janye ƙarar.

A nan muka saɓa da ita. Ni na ce a ci gaba, hujjarmu ba ta da ɓaraka, alƙali zai ba ta shidan cif. Lauyar ba ta ɗauki ɓangare ba, ta dai shimfiɗa mana yadda abin yake: hukunci takarda ce, karɓo kuɗin wani aikin ne daban mai nasa kuɗi da nasa watanni, kuma motar ita ce kaɗai dukiyar da muka san yana da ita. In ya sayar ya kashe kuɗin, za a bi mutumin da ba shi da albashin da za a tsare, ba shi da kadarar da za a kama. Ƙanwata ta kwana tana tunani. Da safe ta ce, "Yaya, duk wata sai na duba waya in ga ko ya turo. Shekara guda ke nan ina raɓe da shi ta hanyar kuɗin nan. Ina so in daina jiransa." Ban sake musa mata ba. Har yanzu ina ganin kashi biyun nan haƙƙinta ne, amma ita ke da ikon yafe su, kuma ta fi ni sanin abin da jiran ke ci mata.

Sharaɗi ɗaya ta kafa, shi ma lauyar ce ta ba ta shawara: ba za a janye komai ba sai kuɗin sun zauna a asusunta, kuma a gaban kotu za a rubuta sulhun. Haka aka yi. Kuɗin suka shigo ana gobe zama.

Lissafin ƙarshe ga shi. Cikin albashin wata 11 da ta bayar, ɗaya ya dawo tun suna tare, huɗu suka dawo wata-wata, huɗu a dunƙule, biyu suka tafi. Kuɗin lauya da na shigar da ƙara sun ci kusan rabin albashin wata. Daga ranar da ta kawo mini takarda mai shafi uku zuwa ranar sulhu wata 13 ne. Washegarin da kuɗin suka shigo ta je ofishin kuɗi na wurin aikinsu ta biya ragowar rancen gaba ɗaya, kuma a ƙarshen watan, karo na farko cikin kusan shekara biyu da rabi, albashinta ya shigo ba a yanki komai ba.